Ranar da Na Karɓe Allin Sabon Malami

Ina shugaban wata firamare a Wagini aka turo mana sabon malami daga kwaleji. Yana da ilimi, amma in ya shiga aji sai ya juya wa yara baya yana ta rubutu, su kuwa suna gyangyaɗi.

Wata safiya na karɓe allinsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da me zan koyar?"

Na ce, "Da bakinka, Malam."

Darasin tsiron wake ne. Ya tsaya yana gumi, can ya tambaye su wa ya taɓa shuka wake. Hannuwa suka tashi kaf, har da yaran ruga da ba su cika magana ba. Aka kaɗa ƙararrawar tara, ba wanda ya fita. Ina bakin taga, daɗi ya cika ni.