Askar Babana

Babana maɗinkin babbar riga ne. Sau ɗaya ya taɓa yin aikin da ba na riga ba, wato jan labulen tsohon gidan silima na nan Wudil. A gefensa ya yi aska takwas da farin zare, aikin nan mai tsini da ake yi wa gaban riga. Rigunan da ya ɗinka duk sun ƙare a jikin masu su, shi ma ƙasa ta rufe masa ido. Labulen kaɗai ya rage.

Ranar da na ji katafila ta shiga silimar, na bar shagon ɗinkina a buɗe na ruga. Na tarar 'yan gwangwan sun riga ni, suna wawar rodi da kwano. Wani ƙato ya sauko da ƙarfen labulen, yana jan sa a ƙasa da labulen a jiki, kamar mai jan mushe. Raina ya ɓaci, ni kuwa in raina ya ɓaci ba na tauna magana.

Na damƙi ƙarfen na ce, “Malam, tsaya! Aska zan cire.” Na kuma sa hannu a aljihu neman almakashi.

“Zai ciro aska!” in ji ƙaton.

Ban san ta ina rodin ya zo ba. Na dai ji ƙam a ƙeya, sai ga ni a ƙasa, bakina cike da jini da garin siminti. Suka rufe ni da duka, wannan ya shura, wancan ya taka. Ni kuma na ƙanƙame labulen, su ja, in ja, ina jin sa yana kecewa a hannuna. Wallahi wannan ƙarar ta fi dukan yi mini ciwo.

Tsohon mai gadin silimar ne ya kutso da sandarsa yana ihu, “Kai, 'yan banza! Askar ɗinki yake nufi! Ubansa ne ya yi ta!”

Suka ja da baya, amma labulen ya riga ya zama tsumma. Tsohon ya tsinci ƙyalle ɗaya ya ɗaure mini kai.

Da aka kwance ɗaurin a asibiti, na ce a miƙo mini ƙyallen. Ashe aska ɗaya ce a jikinsa, cikakkiya. Sai dai jinina ya rine farin zaren ya koma kalar labulen, har yau ido ba ya ganin ta. In na yi kewar babana, da yatsa nake laluba ta.