Yakuwar da ke bayan ɗakin Inna

Shekarun baya, lokacin da cinikin albasa ya fara karɓata a kasuwar Malanville, na yi wani abu da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A bayan ɗakin mahaifiyata akwai wani ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Nan yakuwarta take. Ba irin ta kasuwa ba ce mai faɗin ganye. Wagga ta daji ce, karanta ja, ganyenta ƙanana, tsaminta da kaifi. Daga ƙauyensu can gefen Madécali ta taho da irin, ƙulle a bakin zane, tun shekarar da ta dawo gari da zama. Ba ma sai ta shuka ba. Yakuwar ke zubar da 'ya'yanta, damina na sauka ta tsiro da kanta. Inna dai ta cire ciyawa, ta tsinki ganyen ƙasa ta bar na sama. Da rani kuma ta riƙa zuba ma tushe biyu ko uku ruwan wankin shinkafa don kada su bushe.

Da busasshen kifi da daddawa da 'yar gyaɗa take miyarta, ba ta sa kanwa. Mun ci muna yara har mun gaji. Ni dai na tashi ina ganin ta miyar ranar da babu.

To, da aljihu ya ɗan yi nauyi, sai kai ya yi girma. Na ga bai dace gidan mutum irina ya zauna da taɓo kowace damina ba. Na yanke shawarar shafe tsakar gida duka da siminti. Daidai lokacin Inna ta ƙetare gada zuwa Gaya, ta'aziyyar mijin ƙanwarta, za ta yi sati biyu. Mai ɗakina ta ce, "Da ka jira ta dawo." Na ce ai daɗin abin ke nan, ta dawo ta iske gida sabo.

Da magini ya iso bayan ɗakin, ya tsaya ya nuna mini busassun karan yakuwa da 'ya'yansu a jiki. Ya ce, "Waɗanga fa?" Ina kan waya da wani mai kamiyo, babbar motar kaya, ko juyowa ban yi sosai ba. Na ce, "Share." Anka share, anka ƙone tare da shara, anka zuba tsakuwa da siminti.

Ranar da ta dawo, na tare ta a ƙofa ina washe baki kamar wanda ya gina masallaci. Ta taka simintin a hankali, ta duba nan ta duba can. Ta ce, "Ya yi kyau. Allah shi yi albarka." Sannan ta zaga bayan ɗakinta. Ta jima ba ta fito ba, sai na bi ta. Na iske ta tsaye, ƙunshin kayanta na bisa kai ko saukewa ba ta yi ba.

Ta ce, "Ba ka ɗebi 'ya'yan ba?"

Na ce, "Inna, yakuwa ce fa. Ta dala biyar a kasuwa ta ishe mu miya biyu."

Ta ce, "Haka ne."

Daga nan ba ta ƙara tada zancen ba. Ni kuwa na ɗauka ya wuce.

Bayan shekara biyu ciwo ya kama ta. Munka yi ta zuwa likita, ana rubuta magani muna saye, jiki dai na ƙara ƙasa. Abin da ya fi tada mana hankali shi ne ƙin abinci. Kunu, romon kaza, fura, duk sai ta kauda kai. Wata safiya cikin bazara, zafi ya fara tun hantsi, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Da zan samu miyar yakuwa."

Ni da kaina na je kasuwa na zaɓo mai kyau. Mai ɗakina ta dafa yadda Inna ta koya mata, da tuwon masara mai laushi. Inna ta kai loma ɗaya, ta ƙara rabi, ta janye hannu. Ta dubi mai ɗakina ta ce, "Hannunki ya yi daidai, ɗiyata. Ganyen ne ba shi ba." Ba ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari na hau babur na nufi Madécali. Na wuce har fadamar da take ba mu labari, inda yakuwar ke fitowa da kanta. Na iske gonakin shinkafa da injin ban-ruwa. Wani manomi ya ce mini tun da anka fara fesa maganin ciyawa bai ƙara ganin ta ba, kuma ko da akwai, wa ke neman ganye a bazara? Na shiga ƙauye ina tambaya gida-gida, da Hausa da Dendi. Mata na dariya a ɓoye, ga ɗan birni da takalmi mai tsada yana neman haki. Ban ga laifinsu ba.

Can wajen la'asar anka kai ni gidan wata tsohuwa. Da na faɗi sunan kakana, ta ce ta san gidan, tare da Inna sunka yi ɗiban ruwa suna 'yan mata. Ta shiga ɗaki ta jima tana lalube, ta fito da wani ƙullin tsumma. 'Ya'yan yakuwa ne, ba su cika tafin hannu ba. Ta ce, "Ta daji ce, in ban manta ba. Amma sun shekara uku a nan, ban san ko da rai ba. Ka gaishe ta."

Da na iso gida sai na tuna ko taki ɗaya na ƙasa babu a gidana. Da gari ya waye na aro guduma wajen maƙwabci na hau fasa simintin bayan ɗakin. Hannun da bai saba da komi ba sai ƙirga buhu, kafin azahar duk ya yi kanta. Inna ta jiyo ƙara ta aiko a kira ni.

"Mi kake fasawa?"

Na kwance tsumman na nuna mata. Ta sa yatsa tana juya 'ya'yan, ta jima. Sannan ta ce, "Jiƙa su kwana ɗaya. Kada ka binne su da zurfi. Ruwa da safe kaɗai, ba ta son a dame ta."

Biyar sunka tsiro. Kullum da safe ni da ƙanwata mukan tallabo Inna zuwa inuwar bango, ta jingina tana kallonsu. Takan ce wancan zai yi, wanga bai da ƙarfi. Kwanakin nan ta fi magana, har takan sha kunu rabin kofi. Na fara sa rai.

A sati na uku kowane tsiro ya yi ganye huɗu. Jikinta kuma ya sake juyawa, ko zama sai an riƙe ta. Na ɗauko 'yar tasa na durƙusa zan tsinka.

Ta ce, "Bari."

Na ce, "Inna, ko kaɗan ne a yi miki."

"In ka tsinke su yanzu sun mutu. Ni kuwa loma biyu zan ci. Bar su su yi 'ya'ya."

Na ce to ko ganye ɗaya ta tauna, ta faɗa mini in ita ce. Ta ce bakinta ya daina jin ɗanɗanon komi, ko gishiri anka ba ta ɗaya ne da ruwa.

Nan na aje tasar na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun ran nan. Ganye ne. Abin da ya tsaya mini, gidan da na share shekara talatin, ba ka ga ya kamata ka tambaye ni ba."

Kwana takwas bayan nan, ranar Alhamis da la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina juya maganar. A lokacin na ɗauka hidima nake mata. Daga baya na gane kyautar da nike son a gan ni da ita na yi, ba wadda take so ba. Ban taɓa zama na tambaye ta abin da ta fi so a gidan ba, don na ɗauka na sani. Yanzu ko tsohuwar tukunya na ga a gidan wani dattijo, ba ni cewa a yar.

Tushe uku sunka rayu cikin biyar ɗin, sunka yi 'ya'ya, kuma har yau yakuwar na nan. Ƙanwata ta ce ita ce. Mai ɗakina ta ce ta Inna ta fi jan kara. Ni da na fi su shekarun cinta, ban iya raba musu gardama ba, don duk tsawon lokacin ci kawai nike, ban taɓa lura ba. In an yi miyar nikan ci a hankali ina ƙoƙarin tunawa. Tsami dai akwai. Ko shi ne, ban sani ba, kuma wadda za ta faɗa mini ba ta nan.

Allah ya jiƙan iyayenmu.