Yaya Rakiya da Zaren da Ke Cikin Ƙwayar Gero

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rakiya, kuma har yau idan na tuna yadda aka yi da iliminta sai raina ya ɓaci.

Ta yi karatun halittu a waje, ta dawo Damagaram da digirin dakta. Ni tela ne, don haka da zare ta yi mini bayanin aikinta. Ta ce kowace ƙwayar halitta tana da dogon zaren gado a naɗe kan 'yan ƙananan kwarkwaro, kuma akwai sunadaran da ke matse naɗin ko su sassauta shi. Hannun da suke kamawa da shi kusan iri ɗaya ne a yisti mai kumbura burodi, a gero, da jikin mutum. "Ka ga, Issufu," in ji ta, "abin da aka gano a yisti zai iya nuna mana yadda gero ke jure fari."

Da wannan ta shiga biro-biro, ofis bayan ofis, neman ɗakin bincike. Wani darakta ya saurare ta, ya yi dariya ya ce, "Madam, me ya haɗa mutum da gero ban da tuwo?" Ba ta fasa ba. Ta tattaro ganyen gero daga gonakin Gouna da Mirriya, ta adana a firigon aro. Lokacin zafi aka ɗauke kuran, ba wutar lantarki ba sanyi, komai ya ruɓe. Ranar ce na fara ganin hawayenta. Daga nan ta koma koyarwa a lise, wato sakandare, har ciwon da ya zama ajalinta.

Yau ana ta taruka kan irin da ke jure fari, ana gayyato masana daga nesa. Da tana nan, na san murmushi kawai za ta yi. Ni ne ba na iyawa.

Abin da ya rage nata shi ne ɗalibanta. Ɗaya daga ciki, Mushe Sani, wanda shi ma malamin makaranta ne yanzu, ya zo shagona watan jiya, wai za su sa wa ɗakin kimiyya na lakwal ɗinsu sunanta. Na tambaye shi ko akwai madubin duba ƙwayoyin halitta a ɗakin. Ya sunkuyar da kai.

"Babu, Baba. Da alli nake zana wa yara."

Na ce su sa sunan. Allah ya jiƙanki, Yaya.