Injin da Ke Shan Iska a Hanyar Tarka

Mun tashi da asuba daga Tanut, ana sallame salla muka hau ɗaurin kaya, ni da abokin aikina. Mu biyu ma'aikatan elbaj ne, masu duba lafiyar dabbobi, kuma kayan namu allurar rigakafin awaki da tumaki ce cikin akwatin sanyi da aka cika da ƙanƙara. Makiyaya sun taru a wata rijiya cikin kwarin Tarka, sun aiko cewa yini ɗaya za su jira mu. Ruwan fari ya sauka a arewa, dabbobi sun jiyo ƙamshin sabuwar ciyawa, ba mai iya riƙe su. Ƙanƙarar kuwa, in ta kai la'asar ta yi ƙoƙari, kuma da ta narke allurar ta tashi aiki.

Kwana uku kafin tafiyar na karɓo babur ɗina daga gareji. An sauke injin, an sa masa sabon piston da sagma, wato zobban da ke kewaye da shi. Bakaniken ya ce injin da aka yi wa irin wannan aiki yakan yi ɗan zafi kafin ya saba, in dai lallaɓa shi. Na zaga gari da shi sau biyu, ban ji wani abu ba.

A kan gudron, wato kwalta, tafiyar ta yi daɗi. Iska mai sanyi, ƙasa da danshi, gonaki dama da hagu cike da masu shuka: maza na gaba suna sara da sungumi, mata na bin su suna zuba iri suna rufewa da diddige. A mararrabar da ake barin gudron muka karya da kunu da ƙosai, na ƙara esans daga masu sayarwa a kwalba. Shawarata ga mai bin hanyar nan, ya cika tanki tun a nan, don duk yadda ka yi nisa da gudron haka mai ke ƙara tsada, kwalbar kuma tana ƙara ramewa.

Da muka shiga jar hanyar da ta nufi Belbeji, rana ta fara ɗagawa. Can na ji ƙwaurina kamar na tsaya kusa da murhu. Na ce a raina zafin da aka faɗa mini ne. Ba a jima ba babur ya fara sanyin jiki a hawa, injin na wani ƙas-ƙas daga ciki, ga ƙauri na tashi. Na ratse gindin wata aduwa. Abin da na lura, na saki totur amma injin bai sauko ba, sai kuka yake yi sama-sama.

Abokina ya dire, ya kwance bidon ɗin ruwan shanmu zai sheƙa wa injin. Da ƙyar na riƙe hannunsa. Ƙarfen da ya yi irin wannan zafi, ruwan sanyi na iya tsaga shi, mu kwana a nan. Ya ce, “To shef, in ba za a ba shi ruwa ba, a yi masa allura mana, ga ta nan da yawa.”

Na bi abin da na sani. Baƙin mai yana nan cif a ma'auni. Na taɓa birkin baya ko yana kamawa, na ji shi da sanyi. Sarƙa ba ta ɗaure ba, laka ba ta toshe haƙarƙarin injin ba. Iyakar ilimina ke nan. Na ɗauko waya in kira bakaniken, babu rezo ko ɗigo. Sai muka koma tafiyar mai jinya: mu ɗan taɓa, mu tsaya ya huce. Abokina na ta buɗe akwati yana leƙen ƙanƙara, har na roƙe shi ya bari, don leƙen nasa ya fi rana cin ta.

Wajen hantsi muka jiyo ƙarar injin niƙa, muka bi ta har wani ɗan ƙauye da ke gefen hanya. Na yi sallama a rumfar, ina neman mai injin ko zai ara mini makullin buji, wato fulogi. Sai wata dattijuwa ta fito, gari ya yi mata fari fat har gira. Ita ce mai injin. Tun rasuwar mijinta take riƙe da shi, ita ke kunnawa, ita ke gyarawa.

Na kai hannu zan kashe babur, ta ce, “Bar shi tukuna, ɗana.” Ta karkata kai tana saurare, ta sa na murɗa totur na saki. “Wannan moto iska yake sha. An taɓa shi kwanan nan?”

Na ce, “An taɓa shi, Inna.”

Ta sa aka gungura shi inuwa, ta ce ba mai sa masa hannu sai ya huce. Ta jiƙa buhu ta rufa wa akwatinmu, ta kawo mana fura da nono mai kauri, irin wadda ba a samu a gari. Ni dai ina sha ina duban rana.

Da ya huce ta kwance buji ta nuna mini bakinsa, fari tas kamar alli. Ta ce na lafiya jaja-jaja yake, kalar ƙasa. Farin nan yana nufin mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, kuma injin da ke cin wuta a haka dole ya ƙone kansa. Ta mayar, muka tayar. Ta ɗiga baƙin mai a mahaɗar karbureta da injin. A kan idona man ya shige ciki, muryar injin ta sauko nan take, sannan ta sake hawa. Da aka kwance wurin, ga ƴar takardar da ke toshe mahaɗar ta naɗe, gefe ɗaya ya yage tun wajen ɗauri. Ƙofar da iskar ke shiga ba ta kai ƙwayar hatsi ba.

Ta yanko kwalin shayi, ta ɗora a bakin ƙarfen, tana ƙwanƙwasa shi da gindin sifana har siffar ta fito, ta shafa masa mai, ta ɗaure ƙusoshin biyu bi da bi. Da na tayar, injin ya zauna, yana bugawa a natse. Na sa hannu a aljihu ta harare ni. Ta ce in muna dawowa mu duba mata akuyarta da ke tari.

Mun shiga Belbeji da azahar, muka yi salla, muka sayi cuku muna tauna a kan hanya. Daga nan yashi ne, sai a giya ta biyu, amma zafin bai wuce na kowane babur ba. Mun isa rijiyar kafin la'asar, ƙanƙarar ta koma ƙanana kamar dabino, amma tana nan. Dattijon da ke jagorantar makiyayan ya ce har an fara ɗora wa jakuna kaya. Aka sauke, aka yi ta kamo mana dabbobi har rana ta yi ja, ba garken da ya tafi ba allura.

Washegari muka biya ta ƙauyen Inna, na duba akuyar na ba ta magani. A cikin hira na gane cewa shekara da shekaru ba wanda ya zo musu rigakafi. Na buɗe takardar aikinmu, sunan ƙauyen ba ya ciki. Sau nawa na wuce ta bakinsa a guje, ban taɓa tambayar ko suna da dabbobi ba.

Mun iso Tanut lafiya da yamma. Abin da na ƙaru da shi: in an ce maka injin zai yi zafi bayan gyara, gaskiya ne, amma zafin da ke tafe da ƙauri da rashin ƙarfi ba na sabo ba ne, ka tsaya ka duba mai, ka duba buji, ka bi duk wurin da aka kwance. Sai kuma wanda ya fi damuna, cewa sai da babur ya lalace na san mutanen da ke kan hanyata. Da na je ofis ranar Litinin, kafin in zauna, na rubuta sunan ƙauyen a saman jerin zagaye mai zuwa.