Ƙwayar da Goggo Ta Ƙi Ɓoyewa

Goggona tela ce, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Shekara talatin tana taka keke a shago ɗaya, ba ta taɓa ba wanda ya raina ɗinkinta haƙuri ba.

'Yarta ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, tun tana jaririya take suma tana karkarwa. An yi ta yawon magani kafin wata likita ta gano matsalar. Da ta yi bayani, Goggo ta ce a maimaita, har sau uku. Ta dawo gida tana karantar da mu.

"Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, gulutamet, shi ke zaburar da jijiyoyi. Ƙwaƙwalwar kan datse masa wani ɗan gefe, sai ya koma GABA, mai kwantar da su. Datsewar nan ba ta yiwuwa sai da bitamin B6, kamar almakashi ne da kusar tsakiyarsa. Na Auta ba ya isar ta. Ƙwaya za ta riƙa sha kullum, har abada."

"Har abada" ɗin nan ne ya tsaya wa dangi a wuya. Kawu, yayan mijinta, ya ce bitamin ne kawai, ga yarinya ta shekara uku ƙalau, a daina kafin mutane su saka mata suna. Sau ɗaya a rayuwarta Goggo ta bi maganar wani, ta daina ba ta ƙwayar. Ba a yi wata guda ba, Auta ta faɗi a gindin keke, Goggo ta sungume ta ta fita titi ba takalmi. Har yau in na tuna, Kawu haushi yake ba ni.

Bara Auta ta samu gurbi a kwalejin jinya, muka taru a falo. Kawu ya gyara zama.

"Ai ta girma, a gwada dainawa. Ko ta riƙa sha a ɓoye, kada abokan ɗaki su gani."

Goggo ta buɗe jaka, ta zuba ƙwayar a tafin hannun Auta.

"Yaya, wanda ya ɗauke ta daga ƙasa ranar nan, shi zai yi magana. Ya ɗaga hannu mu gani."

Ba wanda ya motsa. Auta ta kalli Kawu ido cikin ido, ta haɗiye ƙwayar ko ruwa ba ta nema ba.