Malamin da Ya Auna Yatsan Baba Audi

Duk wanda ya saba bin hanyar makarantar sakandare a Baure da safe ya san babur ɗin Malam Maharazu tun kafin ya san mai shi. Tsohon babur ne mai yawan tari, da ɗan akwatin katako ɗaure a bayansa. Kafin a kaɗa ƙararrawa malam ya riga ya buɗe ɗakin koyon aikin kafinta, ya share da kansa, ya rataye zarto da guduma da cizal kowanne a ƙusarsa, sannan ya maƙala tef ɗin awo a ƙugu. Tef ɗin nan kuwa, abokan aikinsa na tsokanarsa wai ko ɗaurin aure za shi sai ya tafi da shi, ko za a nemi a auna ango. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi. Shekara talatin da biyar ke nan yana koyarwa, kuma ƙarshen zangon nan zai ajiye aiki.

Ba a taɓa kiransa gidan rediyo ba, ba a taɓa rataya masa komai a wuya ba. Kafintocin da suka fito daga hannunsa sun watsu daga Baure zuwa Zango har cikin Daura, wasunsu ma sun fi shi babur mai kyau. Amma aiki ɗaya ne ya sa aka ɗauki alƙalami yau, aikin da mutanen garin Babban Mutum suka gani da idonsu, shi kuwa bai taɓa ba da labarinsa ba.

A Babban Mutum akwai wani tsohon masassaƙi, Baba Audi. A da kujerun mata yake sassaƙawa, da ɗan tsuntsu ko ƙadangare a jikinsu. Da aka ƙaddamar da Shari'a sai ya bar zanen abu mai rai, ya koma kan dagi da sarƙaƙƙun layuka, ya kuma ƙware a kansu fiye da da. Da mutanen unguwarsu suka sake gina masallacinsu, shi ya ce a bar masa ƙofar, sadaka zai yi. Ƙyaure biyu ne na maɗaci, kowanne da allo shida na zane. Ya gama na dama aka kafa, har matafiya kan tsaya su duba. Ya fere katakon na hagu ya jingine, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya tafi. Aka rufe gefen hagu da fallen kwano, wai kafin ya samu sauƙi. Kwanon nan ya shekara uku.

Haƙurin mutane ba ya kai na katako. Dattawan masallacin suka yanke shawara cewa kafin azumi za a cire ƙyauren Audi a sa ƙofar ƙarfe ta walda, kuma gaskiya ba a ga laifinsu ba, don ruwan damina na shiga, awaki ma na leƙawa. Saura wata biyar. 'Yarsa Hussaina ce ta hau motar haya ta zo Baure, ta sami Malam Maharazu, domin ta ji an ce babu katakon da yake gagararsa. Ta shaida masa cewa tun ranar da babanta ya ji wannan magana ya daina yarda a kai shi masallaci, abinci ma sai an yi da gaske. Ya ce mata ba ya son ya ga ranar da za a fitar da rabin aikinsa a jingine a bango kamar kayan da ba mai shi.

Malam ya je ya ga ƙyauren, ya daɗe a tsaye. Ya san hannunsa, ya kuma san iyakarsa: shi mai teburi ne da kabad, ba mai irin wannan zane ba. Ya tambayi masassaƙa uku, kowanne ya duba hoton ya girgiza kai. A nan ne ya tuna da wata na'ura da ya taɓa gani a wayarsa, wadda kwamfuta ke jan bakinta tana sassaƙa duk zanen da aka ba ta. Ta kanti ba ta mai albashin malami ba ce. Amma ya ga wasu a ƙasashen waje suna haɗa tasu da katako, har sun saka tsarin ginin kyauta. Ya sa aka buga masa takardun, ya ce shi ma zai gwada.

To fa, sai surutu ya tashi. Wasu suka ce malam ya tsufa ya fara wasan yara. Matarsa Adawiyya ta ce ita dai kada ya ƙona mata gida. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Ikem mai sayar da kayan gyaran babura da injinan ban ruwa a bakin kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa kuma ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Shi ya samo masa boris da noti da dogayen rodi masu zare, shi ya yi ta waya da ɗan'uwansa a Kano har aka ciro ƙananan injina masu juyawa daga cikin matattun na'urorin kwafin takarda. Sauran kuwa katakon filawud ne, da injin gyaran bakin katako da malam yake da shi tun da, da wata tsohuwar kwamfuta.

Wata biyu ya yi yana yanka yana haɗawa bayan an tashi makaranta. Ranar gwaji malamai suka taru, ya umarci na'urar ta yanka da'ira. Ta yi gurnani, ta karkaɗa jiki, ta yanko wani abu mai kama da ƙwan zabuwa. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Malam ya sake, ta sake ba shi ƙwai. Ranar kam ya ji kunya, kuma ya ji tsoro, don wata biyu sun tafi daga cikin biyar.

Ikem ne ya zo washegari da ɗan ma'aunin ƙarfen da yake auna boris. Ya kama katakon ya matse, ya duba, ya ce, "Malam, nawa takardarka ta ce kaurin wannan?"

Malam ya ce kwata uku na inci, kuma abin da ya saya ke nan, haka ake kiransa a kasuwa.

"A kasuwa ake kiransa haka," in ji Ikem. "A nan milimita sha takwas ne. Ramin da ka yanka masa sha tara ne."

Abin da ya faru ke nan. Masu tsarin da inci suke aiki, katakonsu ma da inci ake yin sa. Mu kuwa bakinmu na faɗin inci, kayan da ke shigo mana kuma da milimita aka yi su. Kafinta ba ya damuwa da milimita ɗaya, manne da ƙusa suna rufe masa asiri. Na'ura ba ta da wannan kara. Kowace mahaɗa tana da ɗan lilo, da lilon ya taru sai da'ira ta zama ƙwai. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana ce wa ɗalibai su auna kafin su yanka, ga shi ya yarda da sunan katako bai auna jikinsa ba. Ya tara 'yan ajinsa ya faɗa musu haka da bakinsa, bai ɓoye ba.

Da wani ne, da ya cusa takarda a ramukan ya ce an gyara. Kai kuwa, Malam, kwance ta ka yi gaba ɗaya. Kai ne ka juya tef ɗinka gefen milimita, ka zauna da fensir ka sake zana tsarin tun daga farko, shafi arba'in da ɗoriya, kowane rami daidai da katakon da ke hannunka, kowace huda daidai da notin da ake samu a shagon Ikem. Kai ne ka sayar da ragon da kake kiwo don layya ka sake sayen filawud, ba ka gaya wa kowa ba sai da Adawiyya ta tona. Da na'urar ta tashi karo na biyu, da'irar da ta yanka har kwano aka kifa a kanta ya zauna cif.

Saura mako bakwai azumi. Malam ya koma Babban Mutum ya auna zanen ƙyauren dama. Faɗin layukan ya kusa inci ɗaya, sai ya ɗauka Audi da inci ya yi aiki kamar kowane kafinta, tsufan katako ne ya ɗan tsuke su. Ya zana, na'ura ta yanka allon gwaji, ya yi kyau ƙwarai. Ya ɗaure shi a babur ya kai wa tsohon a zaurensa.

Baba Audi bai ko kalli allon sosai ba. Ya ɗora a cinya ya bi shi da yatsun hannun hagu, a hankali, daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙa masa ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma wannan ba ɗan'uwan wancan ba ne. In aka rufe ƙofar layukan ba za su gaisa a tsakiya ba. Malam ya tambaye shi da wane tef ya yi awo.

Tsohon ya yi wata 'yar dariya, ta farko da Hussaina ta ji a watanni. Ya ce shi bai taɓa riƙe tef ba a rayuwarsa. Babban yatsansa yake ɗorawa: yatsa ɗaya layi, yatsa biyu fili, rabin yatsa zurfi. Da haka ya koya, da haka ya yi ta yi shekara hamsin.

"Wane hannu, Baba?"

Audi ya kalli hannunsa na dama da ke kwance a kan zanin da aka lulluɓe masa ƙafa. Ya ce, "Wannan. Ai ya riga ni tafiya, Malam. Ba shi da sauran amfani."

Malam ya durƙusa. Ya roƙi Hussaina ta ɗago hannun, ya danna babban yatsan a kan allo kamar yadda mai shi ya saba dannawa, ya sa ma'aunin Ikem da ya aro. Milimita ashirin da uku. Ya koma masallaci ya sake auna ƙyauren: ashirin da uku, arba'in da shida, ashirin da uku, tun daga sama har ƙasa. Duk zanen a cikin yatsan nan yake. Hussaina ta ce da malam ya dawo ya faɗa wa babanta, sai tsohon ya jawo hannun da na hagu ya ɗora a ƙirjinsa, hawaye na zuba.

Kwana tara na'urar ta yi tana cin maɗacin da Audi ya fere da kansa, allo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ba ta da sauri. Kowane allo ya fito malam ya kai wa tsohon, shi kuma ya goge bakin layukan da samfefa da hannun hagu, yana faɗa in ya ga inda bai masa ba. Aka kafa ƙyauren ranar Alhamis, saura kwana huɗu a ga wata. Da aka ja biyun aka haɗa, layukan suka shiga juna a tsakiya kamar rana ɗaya aka yi su. Washegari aka turo Baba Audi a keken guragu, ya ce a tsaya da shi a bakin ƙofa tukuna. Wani baƙo ya tambayi wa ya yi wannan aiki, Malam Maharazu yana tsaye a wurin, ya nuna tsohon ya ce, "Ga shi nan."

Ba ƙarya ka yi ba, Malam, amma ba ka faɗi duka ba, shi ya sa muke ƙarasa maka. Mun gode. Mun gode da ragon layyarka, da kunyar da ka sha a gaban ɗalibanka, da durƙuson da ka yi a zauren tsoho alhali kai ne mai takardar ilimi. Allah ya sa hutunka ya zama na lafiya, ya jiƙan mahaifanka, ya saka wa Ikem da alheri shi ma.

Ku kuma masu sana'a da masu ilimin zamani, a kowane gari namu akwai tsohon da aikinsa ke cikin yatsunsa, ba a takarda ba. Ku je ku zauna da su tun suna iya gyara muku kuskure. Na'urar malam tana nan a ɗakin kafinta, ya bar wa makarantar tare da takardunsa arba'in da ɗoriya, ya ce duk mai so ya kwafa. A gefenta akwai rubutu da fensir, ya hana a shafe, har ya bi shi da man katako don kada ya goge: Yatsan Baba Audi, 23.