Alhajin da Ba Ya Iya Ci Shi Kaɗai

A wani filin wasanni na Kuala Lumpur, inda lilo ke juya mutane kai ƙasa suna ihu, ga wani Alhaji yana zagaya layin masu abinci. Farar shaddarsa ta jiƙe sharkaf a wasan ruwa, ga kunnuwan zomo na roba a saman hularsa, da alama tsarabar jika ce ya rasa inda zai sa.

Ba abincin yake dubawa ba, wurin zama yake dubawa. Ya leƙa wani shago mai benci yana kallon bango, ya ja tsaki: "Wannan ai horo ne." Sai ya zaɓi shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, mai tebur a bakin hanya.

Ina jin a gida tire ɗaya suke ci da ƙannensa, don shinkafa na isowa ya shiga tare masu wucewa: "Bismillah, makan!" wato a zo a ci. Kowa sai ya yi murmushi, ya dafa ƙirji, ya wuce. Shinkafa tana ta hucewa, Alhaji ya kasa kai loma.

Can sai ga wani ma'aikacin filin da ke yawo cikin rigar ƙatuwar damisa, ya zube a kujerar gabansa don gajiya. Fuskar Alhaji ta washe. Ya tura cinyar kaza gaban bakin damisar nan da aka ɗinke da zare, ya naɗe hannun riga, ya share farantinsa tas.

Sannan ya ɗaga wa mai shago hannu: "Boss, tapau! A ƙulle wa baƙona nasa, kunya yake ji."